Shimfiɗar Inna Riyo

Kyoto, 9 ga Maris, 1968

Zuwa ga Yaya Kikuno,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanenki Sadajiro, ɗan baffanki. A nan sanyi ya fara sakin mu, amma na san ku can arewa dusar ƙanƙara na nan har bakin taga. Yaya gwiwar taki? Yaya ɗanki Masakatsu da matarsa Harue? Ni lafiya lau, in ban da ido da ya fara yi mini gardama.

Na san za ki yi mamakin ganin doguwar wasiƙa, tunda shekara da shekaru katin sabuwar shekara kaɗai ke haɗa mu. To, katin naki na bana ne ya hana ni sakat. A can ƙasansa kin rubuta cewa Masakatsu zai rushe tsohon gida bayan bikin magabata na watan Agusta, ya gina na zamani, tarkacen saman rufi kuma a cinna masa wuta.

Ban taɓa gaya miki ba, tun da na bar wa ɗana shagon takardu ba ni da sana'a sai tara kayan mutanen karkara na da. Kwanukan yumɓu da tuluna, 'yan tsana na katako irin waɗanda ake saya wa yara a garuruwan wankan ruwan zafi, da tsofaffin tufafi. Sun haura ɗari huɗu. Matata ta ce nan gaba a tsaye za mu riƙa barci kamar dawakai.

Makon jiya wani dillali ya warware mini wata shimfiɗa daga yankinku. Yaya, tsumma ne zalla, maho a kan maho, amma na ƙirga shuɗi kala talatin da wani abu a jikinta, daga mai duhun rijiya har wanda wanki ya mayar kusan fari. Ɗinkin kuwa layi-layi kamar kunyar gona. Na tsaya a kanta har shayina ya huce.

"Maigida, lafiya dai?" in ji dillalin.

Na ce masa ƙalau. Ƙarya na yi. Warin hayaƙi da rama ne ya bugi hancina, sai ga ni ɗan shekara biyar a gidanmu. Shi ya tuna mini sunanta, bodoko, wadda ake haɗawa da tufafin mutanen gida da suka shuɗe, a kwana a kanta, a haihu a kanta, don jariri ya faɗo a hannun kakanninsa.

Tamu tana nan? Wadda aka haife ni a kai nake nufi. In tana nan, don girman zumunci kada ta shiga wuta. Ina so mutanen Kyoto su ga abin da matan ƙauyenmu suka yi da babu.

Ƙanenki,
Sadajiro

* * *

Tsugaru, 28 ga Afrilu

Sada,

Na amsa gaisuwa. Ƙanƙara ta narke, gwiwa tana nan tana abin da ta saba, yara lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, sai da na bari zuciyata ta sauka kafin in ɗauki alƙalami.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun da tabarau, ko idona ne ya yi mini ƙarya. "Abin da matan ƙauyenmu suka yi da babu." Wato ka tara mutanen Kyoto masu takalmi mai sheƙi, su zo su ga yadda mu 'yan gidan Kasai muka kwana cikin tsummokara kamar 'yan kwikwiyo? Kai ka tafi tun kana ƙarami, ba ka san yadda ake rawar jiki a jefa abin nan saman rufi in an ji sallamar baƙo ba. Lokacin da ake maganar aurena, matar da aka turo ta duba gidanmu sai da ta yi ƙaryar neman banɗaki don ta leƙa inda muke kwana. Auduga ba ta fita a ƙasarmu, rama muke saƙawa, iska na ratsa ta kamar rariya. Sanyi ne ya sa muka yi ta liƙa ƙyalle kan ƙyalle, ba gwaninta ba. Shuɗi talatin ɗin da ka ƙirga, ka ƙirga talaucin mutum talatin ne.

Da na karanta wa Masakatsu, sai ya ce, "Mama, baffan nan na Kyoto lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na ce, "Kai, rufe mini baki. Zaman birni ne kawai."

Shimfiɗar tana nan, tunda ka tambaya. Mahaifiyarka, Inna Riyo, ita ce ta ƙarshe da ta kwana a kanta. Tun rasuwarta aka naɗe ta aka jefa sama, shekara talatin da bakwai ke nan. Nauyinta ya kai rabin buhun shinkafa, ɓeraye kuma sun daɗe da mayar da ita tasu. Za ta shiga wuta tare da sauran, in huta.

Ga farantin katako mai jan fenti nan na sa Harue ta sayo maka a Hirosaki, sabo fil. Wannan in ka nuna wa baƙi ba za mu ji kunya ba.

Yayarka,
Kikuno

* * *

Kyoto, 12 ga Mayu

Yaya Kikuno,

Gaisuwa da ban haƙuri. Faranti ya iso, na gode, matata ta ƙwace shi. Ina fata tuffa ta yi fure da kyau, kuma ba ki hawa tsani da wannan gwiwar.

Na yi kuskuren magana, kuma na ji zafin da kika ji. Batun nuna wa mutane na janye shi gaba ɗaya. Amma ki bar ni in gaya miki abin da nake gani, ko da za ki ce Masakatsu ya yi gaskiya.

Akwai wani kwanon shinkafa a gabana yanzu. Maginin da ya yi shi yakan yi ɗari uku irinsa a yini, bai sa sunansa ba, bai ma tsaya ya kalle shi ba. Amma a gindinsa akwai gurbin babban yatsansa, inda ya riƙe ya tsoma shi a ruwan sheƙi. In na ɗauka, yatsana na faɗawa daidai wurin. Mutumin ya mutu shekara ɗari da suka wuce, ga shi muna musabaha kowace safiya. Akwai kuma wata 'yar tsana da hannun yara ya shafe mata fuska, ido ɗaya ya rage, a kanta akwai sawun haƙora huɗu. Wani jariri ne ya yi haƙori a kanta. Dillalai sun raina ta, ni kuwa in gobara ta tashi ita zan fara ɗauka. Ban san sunan abin da nake ji ba. Ya fi kama da abin da mutum ke ji a ƙofar haikali, sai dai wannan a kantar kicin yake.

Yanzu ga wadda ban gaya wa kowa ba. A cikin kaya ɗari huɗun nan, kowanne akwai hannun uwar wani ko uban wani. Babu na tawa. Kin san shekarar da sanyi ya kashe shinkafa, Baba ya rasu, aka ba da ni ga mutanen Kyoto da ba su da ɗa. Sun riƙe ni da kyau, ba ni da ƙorafi. Amma Inna ta yi shekara goma sha takwas a raye bayan tafiyata, ba saƙo, ba ko ɗan goron gaisuwa ta bakin matafiyi. Fuskarta ta ɓace mini. Na girma ina gaya wa kaina cewa ta samu sauƙin baki ɗaya ta huta, kuma har yau da furfurata abin na ci mini rai.

Ba na neman komai sai in taɓa inda allurarta ta bi. Ki rufa mini asiri, ki hana wuta cin shimfiɗar.

Gobe zan tafi Kyushu zagayen matoyar tukwane, sai farkon Yuli zan dawo.

Sadajiro

* * *

Tsugaru, 6 ga Yuni

Sada, ƙanena,

Lafiya muke. An gama dashen shinkafa, bayana ya san an yi.

Ai da haka ka faɗa tun farko, da ba mu wahalar da mai kai wasiƙa ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na sa Masakatsu ya sauko da ita yana ta tari yana mita, "Mama, wannan ai sai a biya mutum kafin ya taɓa."

Za ka same ta. Amma ba za ta bar gidan nan a haka ba, matarka ta buɗe ƙunshi ta ce danginka ƙazamai ne. Na sayo yadi mai kyau, ruwan hoda da furanni. Zan wanke ta da sabulu, in ɓamɓare mahon da suka ruɓe, in lulluɓe ta da sabo gaba da baya. In ka gan ta ba za ka gane ta ba. Gobe zan fara.

Kikuno

* * *

Wayar tangaraho, Kyoto, 3 ga Yuli

YAU NA DAWO NA GA WASIƘA. KADA KI WANKE. KADA KI CIRE KO ZARE ƊAYA. KI AJIYE ALMAKASHI. SADAJIRO

* * *

Tsugaru, 19 ga Yuli

Sada,

Ina gaishe ka. Jikina lafiya, zuciyar ce dai. Wayarka ta iso, mai kawo ta ma sai da ya tsaya ya ji ko mutuwa aka yi. Ta makara da kusan wata guda. Na yi kwana goma sha shida ina juya yadda zan rubuto maka, yau na ce gara in faɗa a wuce wurin.

Na wanke ta. Ruwa bakwai na canza, na farkon baƙi ƙirin kamar tawada. Na cire maho goma sha ɗaya, kuma na tura su murhun ruwan wanka, sun tafi. Yadin furannin ma na riga na ɗinka shi a gefe ɗaya. Ka zage ni in ka ga dama, amma ka karanta zuwa ƙarshe.

Da na cire mahon sama, sai na ga na ƙasa. Wandon aikin babana ne, na san shi da ƙunar da ya yi a gwiwa. A ƙarƙashinsa zanen Kaka mai ɗigo-ɗigo. A ƙarƙashin wannan hannun rigar babanka. Sai gidan sauron rama na ɗakinmu, sai wasu ƙyallayen da suka girme ni, saƙar da yanzu babu mai iya ta. A wani wuri na ƙirga hawa tara. Shekara sittin da shida ina ƙyamar abin nan, ashe duk mutanen gidanmu ne kwance a jere, babba a kan babba. Na zauna a tsakar gida da rana tsaka ina kiran sunayensu, Harue ta leƙo ta koma.

A tsakiya akwai wani wuri da ya yi tauri kamar tafin ƙafa. Ɗinki ne a kan ɗinki, har allura ba ta samun mashiga. Zaren kuma ba iri ɗaya ba ne, akwai na rama, akwai farin auduga, akwai wanda aka warware daga bakin buhu. Ka ga alamar ba a shekara ɗaya aka yi ba, an yi ta dawowa wurin ne. Ni da wautata na ce ruɓa ce ake ta toshewa, na sa reza na bi shi. Wannan ya fi komai ci mini rai, don ɗinkin hannun Inna Riyo ne na yanka.

Na ɗaga mahon, Harue tana riƙe da ɗaya gefen. Sai ta ce, "Mama, wannan ai rigar yaro ce."

Na ce, "Ke dai ƙyalle ne."

Ta ce, "A'a, ki duba. Ga wuya, ga hannu biyu."

Sada, rigarka ce. Ɗungurum, ba a sa mata almakashi ba, an shimfiɗa ta an buɗe hannuwanta. Kai ba za ka gane girman wannan ba. A gidan nan ba a taɓa ajiye tufa ɗungurum ba, ƙyalle kamar tafin hannu sai ya toshe huda uku. Balle a shekarar yunwa.

Na tuna ranar sarai, ina da shekara goma sha ɗaya. Mutanen Kyoto sun zo maka da sababbin kaya, aka canza maka a bakin ƙofa. Kaka ta ce a yanka tsohuwar a yi wa wandona maho. Washegari Inna Riyo ta dawo daga rafi ta ce ruwa ya tafi da ita wajen wanki. Kaka ta yi kwana uku tana faɗa, "Sakarya! Kin rasa miji, kin rasa ɗa, ko tsumma ba ki iya riƙewa." Ta sunkuyar da kai ta shanye. Ni ma na yi fushi da ita, don da gwiwa a waje na ci wannan hunturun.

Kuma ka san me? Kullum rub-da-ciki Inna Riyo take kwana. Mu yara muna yi mata dariya muna ce mata kwaɗo. Na auna wurin da jikina, daidai ƙirji yake.

Ba ta iya rubutu ba, Sada. An kuma yi alkawari da mutanen can cewa ba za a neme ka ba, don ka zauna da zuciya ɗaya. Da na san abin da ke ranka da tuni na gaya maka.

Yanzu rigar tana buɗe, abin da ya rufe ta kuma na ƙona. Ban sake taɓa komai ba. Ka faɗi yadda za a yi, saura wata guda magina su zo.

Yayarka mai laifi,
Kikuno

* * *

Kyoto, 2 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa. Zafi ya yi yawa a nan, jikina dai da sauƙi.

Da na kai wurin maho goma sha ɗaya a murhu, na ajiye wasiƙar na fita waje, na yi miki faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba, itatuwan lambu suka sha shi. Da na dawo na ƙarasa, ban iya tashi daga inda nake ba. Matata ta kawo abinci ta mayar. Kwana huɗu ke nan sai yau hannuna ya yarda ya rubuta.

Ki daina kiran kanki mai laifi. Da ni aka aiko wa shimfiɗar yadda nake so, da na sa ta a akwati da maganin asu, na hana kowa taɓawa, in mutu ban sani ba. Rezar taki ce ta kawo mini saƙon.

Mai tara kayan da ke cikina ya ce a bar rigar a buɗe, a sa gilashi, irin wannan ba a samun biyu. Na daka masa tsawa. Inna ɓoyewa ta yi, a mayar mata da abinta yadda take so. Sai dai ba da furannin ruwan hoda ba, Yaya, ki ji tausayina.

Ga rigar aikina nan a ƙunshi, wadda na yi shekara ashirin ina sawa a shago. Shuɗiya ce, gwiwar hannu ta riga ta cinye. Ki yanka yadda kika ga dama ki rufe wurin.

Sadajiro

* * *

Tsugaru, 30 ga Agusta

Sada, ƙanena,

Muna lafiya. An yi biki, mun raka ruhohin magabata sun koma, magina sun zo. Gidan ya faɗi cikin yini biyu, ban tsaya na kalla ba. Tarkace ya ci wuta. Shimfiɗar tana ɗakin ajiyar tuffa inda muke zaune kafin a gama gini. Masakatsu da kansa ya saɓa ta a kafaɗa, da wani magini ya miƙo hannu zai taimaka sai ya ce, "Bari, ba a ja da wannan."

Furannin na cire su, Harue za ta yi labule.

Rigarka ta iso. Saƙar birni ce, allura sai zamewa take. Na ɗauko almakashi har sau biyu na mayar. Daga ƙarshe na ce wace ce ni da zan yanka, tunda Inna Riyo ba ta yanka taka ba. Na shimfiɗa ta ɗungurum a kan ƙaramar, wuya a kan wuya, na buɗe hannuwan.

Kafin in fara ɗinki na ɗaga na sake dubawa. Hannun ƙaramar bai kai ko gwiwar hannun babbar ba, gindinta kuwa a ƙirjin taka ya tsaya. Na daɗe zaune ina kallon tazarar. Duk wannan girman ka yi, ba ta ga ko taƙi ɗaya ba. To yanzu na kai mata.

Ba zan sa shimfiɗar a jirgi ba, kada ka ma tambaya. Ka zo kafin ƙanƙara ta sauko. In ka sauka a Hirosaki ka hau motar ƙarfe biyu, ka ce a ajiye ka a gada. Ka zo da tabarau, don gefe ɗaya ban ɗinke ba, kai za ka yi.

Yayarka,
Kikuno